Waɗanda Suka Ɗauki Sanusi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Sanusi, Allah ya jiƙansa. Duk lokacin da watan ya zagayo, mutanenmu na Harlem sukan leƙo shagona na atamfa su sabunta mini ta'aziyya. Sai su ce yaro ne mai haƙuri, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Nakan ce haka ne, na gode. Amma ni na san Sanusi yana da murya, na taɓa jin ta sau ɗaya, kuma ba a gidana ya fito da ita ba. Saboda haka rubutuna na yau ba yabo ba ne zalla. Kishi ne a cikinsa, kuma da wasu yara masu baƙaƙen riguna nake yin sa, a kan ko Sanusi nawa ne ko nasu.

Ni na goye shi a Damagaram. Da ciwon sikila ya zo duniya, bayan Inna kuma ya gaji da wuri, sai nawa ya karɓa. Sa'anninsa sun daɗe da sauka daga goyo, shi kuwa har ya isa shiga lakwal, wato makarantar boko, ina ɗaure shi da zane in kai shi gidan likita duk ranar da ƙafafu suka ƙi. Da na yi aure na biyo mijina New York, ban zauna ba sai da na ga an kawo shi. A nan ma ban sauke shi ba. Sha ruwa, Sanusi. Sa rigar sanyi. Kar ka tsaya a bakin iska a tashar jirgin ƙasa. Har ya tara gemu ina bin sa da gorar ruwa, shi kuma sai ya ce to, Yaya, ya karɓa. Ko ciwon ya taso, irin wanda ke sa ƙatti kururuwa, sai ya juya fuska bango ya cije leɓe. Na ɗauka haka Allah ya yi shi.

Ashe kowace Lahadi da ya ce mini zai je wurin abokai a Brooklyn, wani ɗakin ƙasa yake shiga, ƙarƙashin shagon wani mai gyaran keke. A can ake kiɗan da suke kira hardcore, da ɗan uwansa screamo, wanda shi mawaƙin ihu kawai yake kamar an datse masa yatsa da ƙofa. Ban sani ba sai da na ga ƙulu a goshinsa na tsare shi. Bai yi mini musu ba. Ya ce idan ina son gani da idona in zo bayan azahar, kafin magariba an tashi. Na ce zan zo, a raina kuwa niyyata in fito da shi da kunne.

Tun daga matakala zafi da warin gumi suka tare ni. Wata yarinya mai koren gashi ta miƙo mini wasu 'yan robobi ta nuna mini in toshe kunnuwana, na karɓa ina hararar ta. Ɗakin bai fi shagona biyu ba, rufinsa kuma dogon mutum zai taɓa bututun ruwan da hannu. Babu dandamali. Masu gita da mai ganga a ƙasa suke tsaye, kafaɗa da kafaɗa da 'yan kallo. Na manne da bango cikin hijabina, riƙe da gorar ruwa. Da suka fara, ba da kunne na ji ba, a ƙirji na ji. Tsakiyar ɗakin ta hargitse, samari suna bangazar juna, na ce shi ke nan faɗa ya kaure. Sai ɗaya ya faɗi, nan take aka ja baya, hannaye suka miƙe shi tsaye, aka ci gaba.

Ina neman Sanusi da ido sai na gan shi a kan akwatin lasifika. Ya juya wa jama'a baya, ya buɗe hannuwa, ya saki jikinsa. Na yi salati da ƙarfi, ko ni ban ji kaina ba. Bai taɓa ƙasa ba. Hannaye suka tare shi, suka riƙa miƙa wa juna shi a saman kawuna, daga wannan gefe zuwa wancan, idanunsa a rufe. Da suka iso da shi gaba, mawaƙin ya cusa masa abin magana a baki, Sanusi ya buɗe maƙogwaro har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ihun da ya hana ni ji tun yana ƙarami, ga shi nan yana raba wa baƙi. Suka sauke shi a hankali a kan ƙafafunsa. Wani ƙato mai zanen tawada a fatarsa har wuya, wanda daga baya na san sunansa Miguel, mai ganga ne a wata ƙungiyar, ya dafa kansa. Sanusi yana dariya haƙora duk a waje.

Na hau sama na tsaya a bakin titi. Ya biyo ni jiƙe da gumi ya tambaye ni yadda na gani. Na ce hauka na gani, kuma mai irin jikinsa ba shi da haɗi da wurin. Ya karɓi gorar daga hannuna ya shanye tas, sannan ya ce, "Yaya, a can ƙasa ba wanda ke tambayata ko na sha ruwa."

Wannan magana har yau tana nan inda ta sauka. Ni na yi jinya, ni na san ƙamshin kowane asibiti tsakanin Damagaram da Manhattan, ni ke farkawa idan numfashinsa ya sauya. Su kuma da rana ɗaya a mako suka samu dariyarsa da muryarsa. A wurina marar lafiya ne, a wurinsu Sanusi ne kawai. Na ji haushinsu ƙwarai, kuma na ji haushin da ban samu laifin da zan kama su da shi ba.

Ciwon ya tafi da shi a wani lokacin sanyi, bai kai talatin ba. Aka yi masa salla a masallacinmu na Harlem. Al'adarmu a nan, maza sukan yi layi biyu daga ƙofar masallaci zuwa motar gawa, a riƙa miƙa akwatin hannu zuwa hannu. Ranar aiki ce, ƙanƙara na zuba, motar kuma ba ta samu wurin tsayawa kusa ba, sai layin ya gaza. A tsallaken titi yaran ɗakin ƙasa suke tsaye cirko-cirko, ba su san inda za su sa kansu ba. Da suka ga akwatin ya kai ƙarshen layi, ba wanda ya ce da su komai, suka tsallako suka ɗora daga inda aka tsaya. Wani dattijo ya buɗe baki zai yi magana, liman ya ɗaga masa hannu. Akwatin ya bi saman hannuwansu ko karkata bai yi ba, don sun san nauyinsa, sun sha ɗaukarsa. Ni da na riga su ɗaukarsa a duniya ina tsaye a ƙofar mata, hannuwana cikin mayafi, ina kallo.

Da Sanusi zai leƙo yau, ban san abin da zai ce ba. An rufe ɗakin ƙasan, shagon keken ya koma wurin sayar da kofi mai tsada. Yaran sun koma wani zaure da suke haya, kuma duk shekara sukan keɓe masa Lahadi guda. Yanzu rabin hannuwan da ya kamata su tare mutum waya suke riƙe da ita, na tabbata wannan zai sa shi tsaki. A da shi kaɗai ne baƙar fata a ɗakin, yanzu ga yaranmu nan birjik, har da 'yan mata masu ɗankwali. Zai yi murna, ko kuma, yadda na san shi, ya ɗan ɓata rai don an raba shi da sarautarsa. Sun buga fuskarsa a riga. Sunansa kuwa har yau ba su iya faɗa daidai ba, kuma wannan yana yi mini daɗi.

Shekara da shekaru Miguel yana zuwa shagona ya gayyace ni, ina ce masa ina da aiki. Bana na je, da kular dambu cike, don su san yaron yana da gida. Na tsaya a bango kamar wancan karo, na toshe kunnuwana. Da aka tashi suka kewaye kular suka share ta. Na ce wa Miguel, da Turancina na kasuwa, kada su ɗauka su suka fara ɗaukarsa, ni na goye shi. Ya ce ai sun sani. Wai ya taɓa tambayar Sanusi dalilin da ya sa yake rufe ido idan an ɗaga shi, ko ba ya tsoron a sake shi. Sai Sanusi ya ce masa, "Haka nake yi a bayan yayata. Ba ta taɓa yar da ni ba."

Na tsaya riƙe da murfin kula. Miguel yana jira ya ga na ji sanyi, kuma na ji. Amma ban kai bakin titi ba kishin ya dawo sabo fil. Yaron nan ya zauna a gidana, ya ci tuwona, ya ce mini to, Yaya, har ya koma ga Ubangijinsa, bai taɓa faɗa mini wannan ba. Abin da ya rage na Sanusi a duniya ya rabu biyu, ni ina da jinyarsa da shirunsa, su suna da muryarsa. Allah ya haskaka kabarinka, ƙanena, ya kuma saka wa waɗanda suka ɗauke ka da alheri. Sai dai maganar da na fi son ji daga bakinka, su ka gaya wa.