Uwar Ɗan Fari Ba Ta Kuka

Har yau in iska ta kwaso warin bagaruwar da aka jiƙa ta shigo da shi zaurena, sai in ji raina ya ɓaci tun kafin in tuna dalili. Na daɗe da barin jima. Hannuwana sun washe, har mutane na yarda su sa hannu akushi ɗaya da ni. Amma warin nan bai sake ni ba, domin warin wana ne.

Kai mai karanta wannan, ka yi haƙuri da baƙaƙena. Karatuna bai je ko'ina ba. Tsumagiyar da malaminmu ya karya a bayana ta fi ayoyin da ya zuba a kaina yawa, ranar da na daina zuwa kuwa an ce har sadaka ya yi. In ka ga harafi ya karkace, haka mai shi yake.

Gidanmu na majema ne, can wajen Ƙofar Marke, daf da ganuwa, inda iska ke kwashe wari ta kai wa mutanen waje. A lokacin tsofaffin da suka ga jihadi da idonsu suna nan da sauran ƙarfinsu, fatake kuma na zuwa neman jar fatar akuyar Sakkwato, su ɗaure bisa raƙuma su yi arewa da ita. Mahaifinmu ya rasu ina goye, sai ƙanensa, baffa, ya riƙe gidan da majemar duka. Cikin 'ya'yan da Inna ta haifa mu biyu muka rayu: wana, ɗan fari, da ni, auta. Shekara goma ke tsakaninmu.

Ka san yadda ake yi da ɗan fari a garin nan. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta nuna ta san yana jin yunwa ko ƙishirwa. Ana yaye wana goggo ta ɗauke shi, ƙanwar mahaifinmu, wadda ɗakinta ke bayan zana ɗaya da namu. In ya shigo da safe ya durƙusa gaisuwa, Inna takan juya wa murhu fuska ta amsa a maƙogwaro. In dole ta kama ta yi maganarsa, sai ta ce “wancan.” Ni kuwa tana ɗora ni a cinya har ƙafafuna suka fara jan ƙasa. Ana kiran wannan kunya, ana kuma yabon mace da ita.

Kullum rana ta take, Inna takan dama fura cike da ƙwarya, wadda ko ƙato ba zai shanye ba, ta miƙo mini ta ce in na ƙoshi in kai sauran majema, ko akwai mai so. Ni da wayona na ɗauka tawa ce. Nakan tsaya gindin tsamiya in sha har cikina ya yi ƙara, in kai wa wana ruwan ƙasa-ƙasa. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Yakan karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallon ƙwaryar kafin ya kai baki. Sai da na yi gemu na gane ba don ni ake dama furar nan ba. Ka ji irin kan da Allah ya ba ni.

Wana dogo ne, ba ya yawan magana, faratansa sun rine ja da karan dafi har ba sa wankuwa. In zai je gulbi wankin fata yakan ɗora ni a wuya, in riƙe kunnuwansa kamar linzami. Shi ya koya mini iyo da gora. An riga an kai masa gaisuwar aure, ana jiran kaka.

Sai wata bazara, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi, baffa ya ji labarin wani ƙauye a ƙetaren gulbi inda awaki ke faɗuwa suna mutuwa, jini na fita musu ta hanci. Ya tafi da jakuna biyu, ya dawo da fatu maƙil, waɗanda mutanen can ma murna suka yi da aka raba su da su. Wani tsohon majemi da ke maƙwabtaka da mu ya leƙa ya duba, ya ja da baya, ya ce ko da sanda ba zai taɓa su ba. Wana ya faɗa wa baffa haka cikin ladabi, ina tsaye. Baffa ya ce majemin da ke tsoron fata gara ya ɗaura zane ya je ya sayar da fura tare da mata. Wana ya saɓa fatun a kafaɗa, da danshinsu, ya kai su ramin jima.

Kwana uku wani ɗan baƙin ƙurji ya fito masa a wuya. Ya ce ba ya zafi. Kwana biyar wuyan ya kumbura ya haɗe da haɓa. An kira wanzami, an sha rubutu, an shafa abin da ake shafawa. Rana ta bakwai bayan azahar ya cika a ɗakin goggo.

Duk kwanakin nan Inna ba ta shiga ɗakin ba. Ba ta da ikon shiga. Tana bayan zana da faifai a hannu, tana bakacen geron da ta riga ta bakace, tana jin numfashinsa.

Ga abin da ke ci mini rai. Ana dawowa daga maƙabarta, kafin la'asar, na ga baffa da idona ya fita bayan ganuwa da fartanya, ya haƙa rami, ya tura sauran fatun ciki da sanda, ya binne. Da sanda, ka ji. Ke nan ya sani. Sannan ya wanke hannu, ya sa farar riga, ya zauna a zaure bisa buzu da tasbaha, mutane na shigowa suna ba shi haƙuri. Kowa ya zo sai ya girgiza kai ya ce, “Kwana nai ya ƙare.” Na yarda kwana ya ƙare, ni ba kafiri ba ne. Amma akwai wanda ya kora jakunan nan, kuma duk zauren nan an san shi. Tsohon majemin ma ya zo ya yi addu'a ya shafa, ya tashi ya tafi abinsa.

Cikin gida kuma ga yadda aka yi. Goggo ta fara kururuwa, limamin unguwa ya aiko a ce mata addini ya hana, sai ta koma zubar da hawaye a hankali. Matan unguwa na shigowa, su wuce Inna kamar ba su gan ta ba, su zauna kusa da goggo su riƙe mata hannu. Ita ce mai rashi. Inna ce ke shimfiɗa tabarmi, ita ke kawo ruwa, ita ke dakan gumbar sadaka. Idonta a bushe ƙayau. Matan suka riƙa nuna ta da baki suna yabo. Wata tsohuwa mai haƙori ɗaya, wadda ba a mutuwa a unguwar ba ta ci ba, ta ce wa 'yan matan da ke wurin su duba su koya, ga ɗiyar mutane, ko ƙwalla babu.

Ni nake ɗakin Inna, ni na san abin da ba su sani ba. Tun ranar da wana ya cika ba ta sa komai a baki ba. Tuwonta takan juye mini, ni kuma, Allah ya yafe mini, in cinye. Rana ta biyu ta sauke tukunya daga wuta da hannu tsirara, fatar yatsunta ta saluɓe, ba ta ko duba ba. Ta fara tafiya tana dafa bango. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, amma na ga yadda akuya ke yi in za ta faɗi, kuma na riga na rasa uba da wa.

Ranar sadakar uku gidan ya cika. Rana na takewa sai na ga Inna ta fito daga ɗaki da ƙwaryar fura cike, ta nufo ni, ta miƙo, ta fara cewa in na ƙoshi in kai sauran. Ba ta ƙarasa ba. Ta tsaya tsakar gida da ƙwarya a hannu, leɓenta na rawa. Sai tsohuwar nan ta ce, “A'a, ɗiyata. Kwana uku kina riƙe da kanki, kada ki ba mu kunya yanzu.”

Inna ta haɗiye abin da ya taso mata.

Kada ka ɗauka abin da na yi bayan nan hikima ce. Ban taɓa yin hikima da gangan ba. Haushi ne kawai. Akwai busasshen barkono cike da faifai kusa da murhu, wanda za a daka na miyar baƙi. Na sunkuce shi na juye duka cikin garwashi. So nake su shaƙe, su da yabonsu.

Ba iska ranar, hayaƙin ya kwanta cikin gida. Tari ya kaure. Mata suka watse suna tuntuɓe da ƙore, tsohuwar nan tana rarrafe tana tsine wa wanda ya haifi mai wannan aiki. Hayaƙin ya bi ta soro ya iske maza a zaure ana tsakiyar addu'a, liman ya kasa kai fatiha ƙarshe. Ni ina tsaye ido na zuba, ko gudu ban yi ba. Baffa ya shigo da igiyar fata ninki biyu a hannu, ya damƙi wuyana, ya ce yau sai na bi wana.

Sai Inna ta ajiye ƙwaryar, ta zo ta tsaya gabansa, ita da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba.

“Bar mini shi,” ta ce. “Ni na haihe shi.”

Ta zare igiyar daga hannunsa, ta ja ni a kunne har ɗaki, ta jawo tufaniya ta rufe ƙofa. Na dunƙule a lungu na rufe kai, domin ba ta taɓa duka na ba, ban san nauyin hannunta ba. Sai na ji ta jawo ƙirgin da take kwanciya a kai, ta naɗe shi ta aje tsakar ɗaki. Ta sunkuyo daidai kunnena.

“Yi kuwwa. Kada ka tsaya sai na ce.”

Ta ɗaga igiya ta zabga wa ƙirgin. Ban gane ba, amma ihu sana'ata ce, na shekara ina yi wa malam shi tun kafin tsumagiya ta sauka. Na buɗe maƙogwaro. Tana dukan fata ina kururuwa, ina kiran na tuba, ina kiran a cece ni. A ƙarƙashin muryata kuma na ji wata murya ta fito, irin wadda ban taɓa jin mutum ya yi ba. Ta durƙushe, hannu ɗaya na duka, ɗaya na riƙe da ciki. Sannan ta kira sunansa. Sunansa na yanka. Ya fito mata a karkace, kamar bakin da bai saba ba, sai ta sake, ta sake, ta yi ta kira. Ba zan rubuta maka shi a nan ba. Shekara ashirin da ɗaya tana riƙe da shi, nata ne.

Daga waje mata na buga tufaniya suna cewa ya isa, za ta kashe marayan Allah. Ba ta tsaya ba sai da muryata ta dushe. Sannan ta share fuska da bakin zane, ta buɗe ƙofa ta fita. Idanunta jawur, amma duk gidan ba mai farin ido, kowa ya sha barkono. Ta ɗauki ƙwaryar furar nan daga inda ta aje, ta zauna bakin ɗaki ta sha rabi. Ni kuma na yi kwana biyu ina ɗingishin ƙarya, goggo na gasa mini baya da ruwan zafi tana mamakin rashin shaida.

Da na girma na tambayi wani malami mai ilimi na gaske ko addini ne ya hana uwa kukan ɗan farinta. Ya ce kururuwa da yaga tufafi aka hana, hawaye kuwa rahama ne, kuma bai taɓa ganin littafin da ya raba ɗan fari da na ƙarshe ba. Na fita ina huci. Ashe mu muka ƙera abin nan da hannunmu, muka ɗora wa mata, muna yaba musu in bai kashe su ba.

Baffa ya daɗe a duniya, ya mutu a kan gadonsa da furfura. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Duk tsawon shekarun nan, ni mai bakin da ba ya shiru a kasuwa, ban taɓa ce masa na ga ramin da ya haƙa ba. Wannan haushin kaina nake ji, kuma ba inda zan kai shi.

Yanzu gari ya canza. Ganuwa ta zube a wajenmu ba mai gyarawa, tsofaffin jihadi sun ƙare, yara na yi wa manya magana a tsaye. Abubuwa masu kyau da yawa sun tafi, wannan kuwa yana nan daram. Watan jiya wani saurayi ya nutse a gulbi, ɗan maƙwabcinmu, ɗan fari. Na zauna a zaure na ba da haƙuri kamar kowa. Matata ta fito ta ce mini uwar na can tana raba ruwa, ana ta yabonta.

Na tsufa da ɓarna, kuma ba a barin namiji ya shiga wajen mata. Sai na ce wa matata ta je ta ce tana neman mai taya ta tsince shinkafa, ta kawo uwar nan gidanmu, ta shiga da ita ɗakin ƙurya ta rufe. Na tara jikokina mata, na sa aka fito da turmi uku tsakar gida, na buɗe rumbu na ce su yi ta daka da luguden taɓarya, kada wadda ta tsaya sai na ce. Babbar cikinsu ta tambaye ni biki za a yi. Na ce ta yi daka.

Sun yi tun azahar har rana ta yi ja. Garin da suka tara ya fi ƙarfin gidan, kwana tara muna shan kunu safe da yamma, 'ya'yana na cewa tsoho ya fara ruɗewa.