Na Zaga Delft a Hawa na Sha Huɗu

Taku goma sha ɗaya ne daga ƙofar gidanmu zuwa bakin kicin. Na ƙirga har na gaji da ƙirgawa. Gidan ɗaki biyu ne a hawa na sha huɗu a Taman Melati, kuma duk tagoginsa bangon wani benen suke kallo. Ko ka leƙa ƙasa, rufin wajen ajiye motoci kawai za ka gani, titi sai dai ka ji ƙararsa.

Ni ce ɗalibar. Jami'ar da nake koyarwa a gida ce ta turo ni digiri na uku, maigidana kuwa hutu ya ɗauka a wurin aikinsa ya biyo ni, bizarsa ma a jikin tawa take rataye. Nakan tsokane shi in ce ni na auro shi zuwa Malesiya. Shi kuma Dakta yake kirana tun ban gama babi na biyu ba.

Bincikena a kan yadda haske yake shiga ɗaki ne. Ina kwatanta zaurukan tsohon birnin Zariya da zane-zanen da mutanen Holan suka yi shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Abin da ya ja ni gare su shi ne, a lokacin da masu zane na wasu ƙasashe suke fama da sarakuna da yaƙi, su waɗannan cikin gida suka shiga. 'Yan kasuwa ne masu sayen zanen, kuma gidansu suke son gani a bango: mace tana sharar tsakar gida, wata tana feraye a gefen taga, tsintsiya a jingine, bulon da ya ci ruwa. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙofofinsu. Za ka ga ƙofa a buɗe, ta cikinta ka hango wata ƙofar, ta cikin wannan kuma ka hango ɗan tsagin titi da ruwa yana ƙyalli. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tsakar gidan kakata ya dubi waje ta zaure biyu ya san wannan kallon.

Malamar da ke duba aikina ta ce ba a rubuta irin wannan babi daga hoto, sai na je na taka garin da ƙafata. Delft sunan garin, ƙarami ne, an ratsa shi da hanyoyin ruwa na haƙa, gada a kan gada. Na samu biza, na sayi tikiti, na sayi takalmin tafiya mai igiya wanda maigidana ya ce na 'yan farauta ne. Taswirar tsakiyar garin na buga a babbar takarda, na ja hanyar kowace rana da jan biro. Saura mako uku in tashi aka rufe ƙasa saboda annobar korona.

Dokar ta ce mutum ɗaya ne zai fita sayayya a kowane gida, kuma aka ce shugaban gida. Muna da zaure a waya na matan 'yan Najeriya da ke unguwar, nan take magana ta zauna: maza ne za su fita, duk macen da aka kama a hanya ta ja wa kanta da mijinta, ga mu baƙi masu takardar karatu. Babu wadda ta tambayi inda aka samo wannan bayani. Ni ma da nake taƙama da bincike ban tambaya ba.

Sau biyu a mako maigidana yake fita. In rubuta masa jerin kaya, ya ɗaura takunkumi, ya ɗauki jaka. Ina tsaye a bakin ƙofa sai na ji lif ya haɗiye shi. Haushi nake ji, ba zan ɓoye ba. Mutumin da a gida ko tattasai bai taɓa saye ba, yau shi ne mai ganin sararin Allah, ni kuwa ina shanya ido a bangon maƙwabta. Da ya dawo sai in tare shi.

"Malam, ya gari?"

"Lafiya lau."

"Me ka gani?"

"Ba komai, Dakta. Mutane ne a layi."

Wannan ne labarin duniya da nake samu. Da zan iya, da na matse shi kamar lemon tsami ko wani abu zai ɗigo. Amma ban taɓa cewa ina so in fita ba. Doka ce, na gaya wa kaina, kuma ina jin nauyin in nuna masa ina ƙyashin fitar da yake yi dominmu.

Ranar da ya kamata a ce ina cikin jirgi, na idar da sallar walaha na zauna a kan darduma na kasa tashi. Can na miƙe, na ɗauko takalmin nan na ɗaura, na manna taswirar a jikin firij. Na auna nisan tashar jirgin ƙasa ta Delft zuwa tsohuwar cocin garin, na mayar da shi taku, na raba da sha ɗaya. Daga nan na kama hanya.

Haka na riƙa yi kowace safiya. Daga ƙofa zuwa kicin, daga kicin zuwa ƙofa. In na cika adadin sai in tsaya in buɗe hoton wurin a kwamfuta in kalla. Na bi gefen tsohuwar hanyar ruwa har na iso cocin nan mai hasumiyar da ta karkace kamar za ta sha ruwa. Na tsallaka gadoji, kowace gada nakan ɗaga ƙafa in haura tabarmar ƙofar banɗaki don in ji na hau wani abu. Na shiga filin kasuwa, na tsaya a shagunan tangaran mai shuɗi da fari, na zaɓa wa Inna faranti. Rana ta huɗu na kai ƙofar gari ta gabas mai hasumiya biyu, gumi ya jiƙa mini riga, ga fanka tana juyawa a kaina.

Maigidana yana kan kujera da wayarsa, yana janye ƙafa duk lokacin da na zo wucewa.

"Yau kuma ina aka nufa?"

"Kasuwar kifi."

"To a yi mana tapau, a ƙunso mana mu ci a gida. Kar dai a faɗa ruwa, ban iya iyo ba."

Nakan yi dariya, wani lokacin. Wani lokacin kuma in ji kamar in jefe shi da takalmin.

A mako na huɗu da rufe ƙasa na gama hanyoyin jan biro duka, na sake daga farko. A nan abin ya daina zama wasa. Zane-zanen da na shekara uku ina so suka fara ba ni tsoro. Da can haske nake kallo a cikinsu, yanzu matan nake kallo. Wannan mai sharar, tun yaushe take shara? Waccan ta gefen taga, wa ya ce mata ta tsaya nan? Ƙofa a buɗe a bayansu, ruwa yana ƙyalli, babu wadda ta juya. Na rufe kwamfutar na daina rubutu. Barci ya ƙi, abinci ya ƙi, na koma mai faɗa a kan cokali. Wata rana da hantsi na tsinci kaina na dafa ƙarfen taga da hannu biyu ina jijjiga shi, ban san lokacin da na fara ba. Ba Holan nake so ba a lokacin. So nake tafin ƙafata ya taɓa ƙasa, kowace iri ce.

Ana jibi azumi na buɗe ƙofar katako don iska ta shigo, na bar ta ƙarfe a rufe. Sai ga lif ya buɗe, maƙwabciyarmu ta fito, wata dattijuwa 'yar Malay da muke kira Makcik, tana jan ɗan keken cefane, wutsiyar kifi ta leƙo daga leda. Mijinta yana nan da ransa, ina jin tarinsa kullum ta bango.

Na gaishe ta daga nesa, na tambaye ta da guntun Malay ɗina ko ba ta tsoron 'yan sanda.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Polis? Don me? Mutum ɗaya a gida, shi ke nan. Wancan tsohon ko albasa bai sani ba, ni nake zuwa tun farko." Ta nuna ni da haɓa. "Ke ba ki fita? Boleh lah, ai an yarda! Rabin layin mata ne."

Na rufe ƙofa a hankali. Maigidana yana kicin yana wanke gwangwanin madara da sabulu, kamar yadda yake yi wa duk abin da ya shigo gidan.

"Malam, akwai mata a layin da kake bi?"

Bai juyo ba. Ruwa yana zuba a hannunsa.

"Akwai."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Na ce, "Mako biyar. Kullum ina tambayarka me ka gani."

Ya kashe famfo ya juyo, sai na ga idonsa ya kaɗa. "Dakta, kina da asma."

"Rabona da ita tun ina sakandare!"

"Na sani. Amma a airport Babanki ya riƙe hannuna ya ce ga amana nan. In ni na ɗauko ciwon, ni na ɗauko. In ke ce, a kai ki inda ba za a bar ni in shiga ba, me zan ce masa a waya? Kin ɗauka daɗin fitar nake ji? Wallahi duk ranar da zan fita da tsoro nake fita."

Gaskiya yake faɗa, na gani a fuskarsa. Na ɗauki jakar cefane daga ƙusa na kai ta ɗaki na ajiye a gefen gadona.

Washegari na sauka. Mai gadi ya auna zafin goshina ya ɗaga mini hannu, ko kallo na biyu bai yi mini ba. Rana ta doke ni, idona ya kasa ɗaukar nisa, na tsaya na riƙe ƙarfen get sai da jiri ya sake ni. Ni da na zaga gari guda sau biyu, tafiyar minti goma zuwa kedai, wato shagon unguwa, ta gajiyar da ni. Na bi gefen babbar kwatar unguwa, ruwanta baƙi, yana wari, robobi suna yawo a kai, na tsaya ina kallonsa ina kuka a cikin takunkumi. A layi mata bakwai ne a gabana. Ɗaya ma da juna biyu.

Delft ban je ba har yau. Bizar ta mutu a cikin fasfo, babin kuma daga hotuna na rubuta shi, aka karɓa. Ba wannan ne yake ci mini rai ba.

Azumin nan gaba ɗaya mun yi shi muna gaisawa kamar maƙwabta. Ya ba ni haƙuri, ya sa yayata ta kira ni, ita ma ta ce ai so ne ya jawo, in gode wa Allah. Na yarda tsoro ya ji, na yarda don ni ya yi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda yake zaune a kujerar nan kowace safiya, yana janye mini ƙafa in wuce, yana tambayata ina aka nufa, alhali ya san babu abin da ya hana ni fita sai shirunsa.