Burtalin wifi a Maijirgi

Majo Hadiza, mai jinyar garinmu, tana tsaye ƙofar gidan likita, mace na naƙuda, saƙon neman ambilans ya ƙi tafiya. Eriyar intanet guda muke da ita, shagona da gidan likita, kuma tunda ruwa ya ɗauke, samari sun tare shagona suna kallon ƙwallo da wifi.

Na kashe wifin shagona, saƙonta ya wuce.

Washegari na kira Sani mai gyaran rezo, wato layin intanet, na ce ya raba mu.

Ya ce, "Burtali zan yi maku. Na'urarka ba ta ƙara sanin hanyar likita. Shanu su bi tasu, gero ya tsira."

"Su wa ne shanun?"

"Ga su nan bisa bencinka."

Tunda ya raba mu, samari na ta gunaguni wifi ya rage gudu. Jiya kuwa aka yi sunan jaririyar da matar ta haifa.

Ku da kuna wurina, ya za ku yi?