Jana'izar da Ta Hana Malam Ishaya Naɗi

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar maigidana, Malam Ishaya, wanda unguwarmu Kilomita Biyar ta sani da Baban Rahila mai gyaran keken ɗinki. An san ni da haƙuri, kuma na yi shi daidai gwargwado. Amma akwai abin da idan ka haɗiye ba ya narkewa.

Mu Hausawa ne Kiristoci, 'yan Angalika. Fatauci ne ya kawo iyayenmu Bangui daga ƙasar Zazzau, muka tashi tsakiyar maƙwabta Musulmi, muna zuwa wata ƙaramar majami'a mai rufin kwano a bakin unguwar Miskine. Yana da shekara hamsin da biyu ya ce mini ya ji kiran aikin Ubangiji. Na ce, "Baban Rahila, da furfurar?" Ya ce, "Ladi, ke da kika fara riƙe fensir bayan haihuwa huɗu, ke za ki faɗa mini? Gemu ba ya hana ilimi."

Irinsa ba sa iya rufe shago su tafi makarantar kwana, don akwai bakunan ciyarwa. Sai aka yi musu tsari: sana'a Litinin zuwa Juma'a, aji ranar Asabar. Su shida ne, duk dattawa. Darussan kuwa, direbobin manyan motoci ke kawo su daga Kamaru cikin ambulan, wani lokaci da tabon manja a jiki. Bayan kowane wata uku malami ya zo ya yi mako guda. Faransanci ya ba shi wahala ƙwarai. Yakan jingina takarda a jikin keken da yake gyarawa, ido ɗaya a kan allura, ɗaya a kan darasi. Shekara biyar yana haka, bai taɓa fashin Asabar ba.

Saura wata huɗu a naɗa su limaman coci sojoji suka yi bore. Gari ya tsage, ko'ina shinge. Rabaran Firmin, matashin da ke kula da majami'armu da kuma ajin nasu, ya kwashe iyalinsa ya yi ƙauye. Ban ga laifinsa ba a lokacin, rai ba a sayen sa a kasuwa.

Cikin kwanakin nan Mama Monik ta rasu, tsohuwar da ke share mana majami'a. Ba harsashi ba ne, kwananta ne ya ƙare. 'Ya'yanta suna can wancan ɓangaren gari, ba hanya. Al'adar Kiristocin nan kuwa, a kai gawa ɗakin sanyi na asibiti, a sa kafinta ya yi akwati, a zauna kwanaki ana waƙa ana shan kofi kafin a binne. To, asibiti bayan shinge yake, kafintoci sun rufe, ga zafi. Kwana biyu, ƙuda ya fara taruwa a bakin ƙofarta.

Maƙwabcinmu Alhaji Mamman mai yadi ya yi sallama da farin yadi a hammata. Ya ce, "Baban Rahila, ɗan Adam ba a barin sa haka. Kai ka san addu'arku, mu mun san haƙa." Ni da matarsa muka wanke ta muka naɗe ta. Mazan unguwa suka haƙa rami a bayan majami'a, suka koma gefe. Maigidana ya buɗe littafin addu'o'in coci ya karanta mata addu'ar binnewa da harshen Sango, daga farko har ƙarshe, ana jin ƙarar bindiga daga wajen kogi, bai tsallake layi ko ɗaya ba.

Da ƙura ta lafa, waɗanda suka gudu suka dawo da takalma fes. Kafin mu ankara an kai wa 'ya'yan Mama Monik labari cewa Hausawa sun binne uwarsu kamar Musulma. Aka kafa kwamitin coci. Laifi biyu aka karanta wa maigidana: ya sa Kirista a ƙasa ba akwati, kuma ya jagoranci addu'ar da ba a riga an ba shi izini ba. Rabaran Firmin ya dubi kaftaninsa ya ce ba mamaki, mutumin Kilomita Biyar ne, zama da maɗaukin kanwa. Sau ɗaya maigidana ya buɗe baki. Ya ce, "Rabaran, a wane darasi aka koya mana cewa katako ne ke kai mutum gaban Allah? In akwai, ambulan ɗinsa bai iso ni ba."

Aka ce wannan ma rashin ladabi ne. Aka dakatar da naɗinsa shekara biyu, aka ce ya sake karatun ƙa'idodin ibada daga tushe. Ranar da aka naɗa sauran biyar ɗin ya sa na ɗaura zanena mafi kyau, muka je muka tafa musu. Asabar ta zagayo ya ɗauki jakarsa ya koma aji, ya zauna cikin sababbin ɗalibai. Na ce masa ya bari haka, ya ce ba kwamiti ne ya kira shi ba. Wata goma sha huɗu bayan nan hawan jini ya kayar da shi a shago, da sukurdireba a hannu.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau nake jin ƙyamarsa. Na roƙi a binne shi da wuri, aka ce manya ba su taru ba. Kwana tara yana ɗakin sanyi. Aka kawo akwati mai sheƙi da mariƙai ruwan zinariya. A gaban jama'a Rabaran Firmin ya fito da farar kwala irin ta limaman coci ya ɗora a kan murfin, murya na rawa, yana cewa a wurin Allah wannan bawa ya riga ya zama firist. Mutane suka yi ta kuka. Abin da aka hana wuyan mai rai, shi aka miƙa wa katako. Ihu bayan hari.

Da zai leƙo yau, me zai ce? Na san zai yi murna cewa har yanzu akwai dattawan da ke rufe shago ranar Asabar su ɗauki jaka. Daga nan zai tambayi labarin Miskine. Tun faɗan da ya zo daga baya ya raba Musulmi da Kirista, gidajen da muka zauna ƙofa da ƙofa sun zama kangaye, 'ya'yan Alhaji Mamman wasu na Chadi wasu na Kamaru. Tsohuwa irin Mama Monik ta mutu a yau, ban san wa zai iya tsallako titi da farin yadi ba.

Makon jiya aka kawo mini takardar gayyata. Za a sa sunansa a sabon ajin 'yan karatun Asabar, kuma Rabaran Firmin, wanda yanzu ya yi furfura ya zama babba, shi zai yi jawabi a kan jarumtakar Malam Ishaya lokacin bore. Jarumtaka! Takardar dakatarwar tana nan cikin akwatin kayana da sa hannunsa, ba wanda ya taɓa janye ta. Na mayar musu da amsa da rubutuna: zan zo idan za a karanta takardar nan a gaban ɗalibai a ce kuskure ne, a kuma ambaci sunan Alhaji Mamman. Har yanzu shiru.

Ban sani ba ko allon suna zai daɗe. Abin da na sani, ya bar mini 'ya'ya huɗu da ba sa tambayar addinin gawa kafin su ɗauki shebur, ya kuma bar kabari ɗaya a bayan majami'a wanda mai shi ta shiga da mutuncinta. Wannan ba kwamitin da ya isa ya dakatar da shi. An ce an ajiye mini kujera a sahun gaba. Idan amsa ba ta zo ba, su yi bikinsu da kujerar. Dama sun fi iya girmama abin da ba ya magana.