Kawu Dalma da Ledar da Yake Juyawa

Kullum da safe Kawu Dalma yakan goge tabaransa, ya jona ƙarfen liƙi ya ɗauki zafi, sannan ya ajiye ɗan batir irin na agogo a kan teburi. Da shi yake gwada kowane ƙwan LED, 'yan fitilun nan da ba su kai ƙwayar wake ba, kafin ya miƙa wa mai saye. Shagon nasa ba ya cin mutum biyu sai ɗaya ya tsaya a kaikaice. Sunan kuwa daga dalmar da yake liƙa wayoyi da ita ya samo shi. Ƙarshen watan nan zai rufe, domin shagon ya daina riƙe kansa, kuma da hannunmu a ciki.

Mu ne mutanensa, manya masu wasan yara: direban da ke ƙera motoci da gwangwani, tela mai jera fitilu a allon shagonta, da ni mai gina gidajen kwali, waɗanda matata ke cewa sun fi namu samun gyara. Direba ya shaida cewa Kawu ya taɓa hana shi kaya har sai da ya nuna wace ƙafar ƙwan ce ke zuwa wane gefen batir, doguwar ko gajerar. Tela kuma ta ce bai taɓa ba ta ƙwai ba tare da resista ba, ɗan abin nan mai rage ƙarfin wuta don kada ƙwan ya ƙone. In ka ce ba ka so, sai ya jefa maka a leda, ya kau da kai.

Kai ne mai gwadawa kafin sayarwa, Kawu. Kai ne ba ka taɓa yi wa ƙato mai gemu dariya don yana son tagar gidan kwali ta yi haske ba.

Ga abin da ke sa ni sunkuyar da kai. Tun da sayayya ta intanet ta shigo, muka koyi wata ɗabi'a. Sai mu je mu cika shi da tambaya, ya zazzage mana ilimi, ya ɗauko ledar da ta dace. Da ya juya baya, sai mu ɗauki hoton lambar kayan da ke jikin ledar da wayar hannu, mu ce za mu dawo, mu je mu yi oda inda ya fi araha. Makon jiya ma na yi.

Da muka ji batun rufewa, muka tafi mu uku, kowa na tura ɗan'uwansa gaba. Tela ce ta yi ta maza, ta faɗa masa komai. Ni ko ido na kasa ɗagawa. Kawu ya ci gaba da naɗe wayarsa, sannan ya ce:

"Ai ina ganinku. Shi ya sa nake juya ledar, lambar ta fuskance ku, kafin in ba da baya. In dai a can za ku saya, gara ku sayo daidai, kada wani abu ya kama wuta a ɗakin yara."

Da zagi ya yi mana, da ya fi sauƙi. Muka ce za mu saye abin da ya rage, ya ce kowa ya ɗauki iya buƙatarsa, shago dai ya riga ya gama.

Mun gode, Kawu, da kunya a fuskarmu. Allah ya ƙara lafiya, ya bar maka hasken idonka. Ku kuma masu sana'a, ku koyi wannan hali. Mu masu saye, mu sayi kaya inda muka sami amsa, tun shagon yana buɗe. Da za mu fita, ya sa ɗan batirin a aljihu, ya ce in odarmu ta iso mu kawo gidansa ya gwada mana.