Abin da Aka Faɗa Mini a Hanyar Rakiya

Shekarar da na gama karatu, ƙungiyar mata masu tuyar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta ɗauke ni sakatariya. Shugabar ƙungiyar ƙawar mahaifiyata ce. Hajiya nake ce mata, ita kuma ta kira ni 'yata. Lokacin kwamiti yana tsara abin da ƙungiya za ta sa a gaba cikin shekaru masu zuwa, har sun tsayar da abu biyu: a gina zauren taro a cikin Daura, a kuma soke sunayen matan ƙauye da suka daina zuwa taro.

Sokewar nan ta hana ni sukuni. Duk wadda aka soke, ba ta da rabo a gyaɗar da muke haɗuwa mu saya da kaka, tana araha. Na roƙi a bar ni in ji daga bakinsu tukuna. Hajiya ta ba ni wata ɗaya.

Na rubuta tambayoyina, na hau mota zuwa ƙauyukan Sandamu da Dutsi. Duk gidan da na shiga a shimfiɗa mini tabarma, a dama fura, maƙwabta su cika tsakar gida ganin baƙuwa. In na tambayi mace me ke damunta game da ƙungiya, sai ta saci kallon surukarta ta ce babu komai sai alheri. Zaure fa? Allah ya sa albarka. Haka na cika shafuka da alhamdulillahi.

Ran nan, a wani ƙauye gaba da Dutsi, matar gidan da na shiga ta yafa mayafi ta rako ni bakin titi. Littafina yana jaka, hankalina ya tafi ga yadda iska ke kaɗa ganyen dawa. Sai da muka wuce rijiya ta yi magana.

"Ƙanwata, ku na birni kuna sa taro bayan la'asar. In an tashi wace mota zan samu? Sau biyu ina kwana gidan mutane. Maigida ya ce ya isa haka."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa a gida. Ta yi dariya, ta ce a gaban jama'a za ta kushe tsarin Hajiya?

Sai na sake bin gidajen da na riga na shiga. In gaisa, in sha fura, in yi sallama da wuri, in an fito rakiya in rage sauri. A mota nake rubutawa, littafi bisa gwiwa. Kusan bakinsu ɗaya: ba wadda ta guji ƙungiya, lokacin taro da nisansa ne suka fi ƙarfinsu.

Ranar zaman kwamiti na karanta abin da na samo, ban ambaci sunan kowa ba. Mataimakiyar shugaba ta ce an aiki yarinya tambaya ta dawo da gulmar bakin hanya. Na ce mata, cikin ladabi, a bakin hanyar ne kaɗai aka ba ni amsa.

Hajiya ta juyo gare ni.

"'Yata, in mun kwashi ƙafa mun je can, kin tabbata za su fito?"

Na ce ni zan bi su gida-gida.

Aka jingine maganar zaure. Aka rubuta cewa taro zai koma hantsi, ya riƙa zagaya garuruwa, kuma ba za a soke kowa ba sai taro ya je kusa da ita ta ƙi fitowa.

Na farko a Sandamu muka yi shi, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Tabarmin da muka kawo ba su isa ba, sai da aka aro na maƙwabta.