Ƙwallon da Na Zubar da Gangan

A cikin duk abin da ya taɓa shiga tsakanina da ƙanin mahaifiyata, akwai wata la'asar guda da na san ba za ta fita daga raina ba har ƙarshen rayuwata. Babu wanda ya mutu, babu kuma rigimar da ta tara jama'a. Wasan ƙwallo ne na gem, irin wanda ake bugawa da na'ura a talabijin, mu biyu a zaure. Amma shekaru sun shuɗe, har yau in na tuna sai kunyar ta dawo mini sabuwa.

Kawu ɗan kasuwar dabbobi ne. A babur yake zagaya kasuwanni, yau Mai'adua, gobe Zango, jibi Mashi, ya sayi awaki da tumaki a loda masa a mota. Mutum ne mai kazar-kazar, zaman minti goma wuri ɗaya yana yi masa wuya. Wata rana yana dawowa daga Mashi tayar gaba ta fashe masa a guje, ya faɗi a kan hannunsa na dama. An ɗaure karayar, ƙashi ya haɗe lafiya, amma da aka kwance sai yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Likitar da ke yi masa gashi a asibiti ta ce jijiya ce ta taɓu, kuma maganin shi ne ya riƙa motsa yatsun kullum, in ba haka ba za su sandare. Ta ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Kwana biyu ya yi da ita ya cilla ta ƙarƙashin gado, ya ce shi ba jariri ba ne.

Wanda bai san hawan babur ba zai ga kamar abin ƙarami ne. Amma hannun dama shi ne hannun totur da birki. In yatsun nan suka sandare, Kawu ya gama zuwa kasuwa da kansa, kuma duk gidan mun san haka, ko da ba wanda ya furta.

A lokacin na gama karatun koyarwa ina jiran a ɗauke ni aiki, yawancin yinina a gidan gem na wani abokina yake ƙarewa, can wajen tasha. Ina zaune wata rana ina kallon yadda yatsuna ke rawa a kan fad, wato abin riƙon nan mai maɓallai da ake sarrafa wasan da shi, sai tunanin Kawu ya faɗo mini. Na faɗa wa Inna, mahaifiyata. Ta ce, "In dai zai motsa hannun, ko langa ce ka kai masa."

Da waya na fara. Na saka masa wani wasan tuƙin mota, ya karɓa yana taɓe baki. Bai fi minti uku yana tuƙi ba allon ya canza, wata talla ta fito. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan wane irin ciniki ne? Ina tsakiyar hanya a tare ni a tallata mini abin da ban tambaya ba?" Malam yake ce mini don tsokana, tun da na shiga karatun koyarwa. Na ce ya yi haƙuri ta wuce. Ta wuce, ya ci gaba, wata ta sake fitowa. Da motarsa ta kife karo na biyar sai wasan ya ce masa rayukansa sun ƙare, ko ya jira rabin awa ko ya saya. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Karɓi abinka. Ko a karar dabbobi ba a yi wa mutum irin wannan."

Ban haƙura ba. Na roƙi abokina ya ara mini wata tsohuwar na'ura da ya daina amfani da ita, da fad biyu. Na kinkimo ƙaramar talabijin ta ɗakina muka kafa a zauren Kawu. Wasan farko da na saka masa na wani jarumi ne da ke ratsa daji. Kafin a ba ka dama ka taɓa komai sai mutanen ciki sun yi ta surutu da Turanci, kuma ba maɓallin da za ka danna ka tsallake. Kawu ya zauna da fad a hannu yana jira, can ya ce, "Su waɗannan wasa za mu yi, ko taron siyasa muka zo?" Da aka sake shi kuma, duk inda ya faɗa rami sai a mayar da shi can farko, ya sake sauraron surutun. Duk da haka ya daure kwana uku, har ya haye wani kogi da ya ba shi wahala. Yana hayewa aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita sai ga jarumin a gaɓar da ya baro, don wasan bai adana inda ya kai ba. Kawu ya miƙe ya tafi alwala.

Ƙwallo ce ta cece ni. Dama yana son sauraron wasa a rediyo, kuma a nan babu dogon surutu, ka zaɓi ƙungiya a busa usur. Amma sai da ya kafa mini dokoki biyu. Ba na tsayar da wasa don amsa waya, kuma in aka ci ƙwallo ba na barin na'ura ta yi ta maimaita ta. Ya ce, "Na gani da idona an ci ni. Sai an nuna mini sau uku daga sama da ƙasa?"

Kwanakin farko ban sassauta masa ba, don ban ma san yadda ake sassautawa ba. Biyar da nema, shida da nema. A rana ta uku na ɗan saci kallonsa. Gumi ya jiƙa masa goshi, babban yatsansa yana neman maɓallin bugu yana zamewa, sau biyu fad ɗin ya suɓuce ya faɗi a tabarma. Ya sunkuya ya ɗauka da hagu, bai kalle ni ba. Zuciyata ta karye. Na ce a raina, mutumin nan ya ƙi waya, ya ƙi wasan daji, in na ci gaba da lallasa shi wannan ma zai ajiye.

Daga ranar na fara ha'inci, kuma na iya shi sosai. Ba na bari ya fito fili. In ya taso da ƙwallo sai in makara da taku ɗaya. In na kai bakin raga sai in danne maɓallin ya wuce kima, ƙwallon ta tashi sama. Wani lokaci in ci shi ɗaya da fari don kada ya yi zargi, sannan in buɗe masa hanya ya farke ya ƙara. Ranar da ya fara cin wasa, biyu da ɗaya, ya ƙwala wa matarsa kira daga zaure ya ce ta damo fura ta kawo wa wanda aka lallasa. Tun hatsarin ban ji dariyarsa irin ta ranar ba.

Mako uku muka yi a haka. Kullum bayan la'asar yana jirana, ya riga ya shimfiɗa tabarma. Abokan kasuwarsa in sun zo dubiya sai ya nuna ni ya ce, "Ga malamin nan, da hannu ɗaya da rabi nake cin sa." Ni kuwa in sunkuyar da kai ina murmushi, ina ganin na yi aikin lada. Kuma gaskiya yatsun sun fara sakewa, har likita ta yaba.

Abin ya lalace ne ranar da abokina mai gidan gem ya biyo duba na'urarsa, ni kuma na tafi kai takarduna ofishin ilimi. Kawu ya ce ya zauna su buga ɗaya. Abokina bai san komai ba, ya buga iya bugunsa, ya zura masa shida. Da Kawu ya ce ai ni yana ci na kullum, sai abokina ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, shi fa duk shagonmu ba mai iya cin sa. Ni kaina rabon da in ci shi na manta." Wannan duk daga baya na ji.

Washegari na zo kamar kullum. Kawu ya amsa sallamata ba yabo ba fallasa, ya miƙo mini fad. Muka fara. An kusa hutun rabin lokaci yana da ɗaya ina nema, sai na samu ƙwallo a tsakiyar fili na taso. Na lura 'yan bayansa ba sa tare ni yadda ya saba, amma ban kawo komai ba. Na wuce na farko, na wuce na biyu, ya rage daga ni sai mai tsaron gida. Na yi abin da na saba, na danne maɓallin, ƙwallon ta tashi ta bi ta saman raga. Har da cewa, "Kash!"

Na juya in ga ko yana dariya. Fad ɗinsa na kan cinyarsa, hannayensa biyu a harɗe a ƙirji. Tun daga tsakiyar fili ya saki, ya zuba mini ido.

Ya ce, "Malam, sau nawa ka yi mini haka?"

Na fara inda-inda, na ce hannuna ne ya zame. Ya ce, "Shekara ashirin ina duba dabba a kara. Na san wadda ke ɗingishi don ciwo, na san wadda aka koya wa tafiya don a rufe mai saye. Sau nawa?"

Na ce, "Kawu, tun rana ta uku."

Ya mayar da idonsa kan talabijin, 'yan wasan suna tsaye suna jiran a bugo daga gida. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Tallar nan ta waya ta ba ni haushi. Surutun mutanen dajin nan ya ba ni haushi. Amma su na'ura ce, ba su san ni ba. Kai ka san ni. Ka bar ni ina tara mutane ina cika baki, kai kana gefe kana tausayina." Ya ɗaga hannun daman ya dube shi. "Ni da nake cewa hannun ne ya dawo."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta fi yi mini ciwo, don ban taɓa hango ta ba. Ni a tunanina ci a wasa nake ba shi. Ashe shi da wasan yake auna lafiyar hannunsa, ni kuma na lalata masa ma'aunin.

Ya ce in kwashe kayana. Na kwashe.

Kusan wata guda bai taɓa komai ba, ba fad ba ƙwallon roba. In na je gaishe shi ya amsa a gajarce. Da suka koma asibiti shi da matarsa, likita ta ce yatsun sun fara komawa gidan jiya, ta tambayi me ya daina yi. Matarsa ce ta zo ta faɗa wa Inna. Inna ta kira ni, na zayyana mata komai, ina sa ran za ta ce ai niyyata mai kyau ce. Sai ta ce, "Tun yana ƙarami in aka ba shi abu don tausayi ba ya ci. Ka je ka ba shi haƙuri, kuma kada ka ce masa don alherinsa ka yi. Ka ce ka yi ƙarya, shi ke nan."

Haka na yi. Na same shi a ƙofar gida a kan benci, na durƙusa na ce, "Kawu, na yi maka ƙarya mako uku. Ka yafe mini." Ya dube ni ya ce, "Na'urar tana nan, ko ka mayar?" Na ce tana nan. Ya ce, "Kawo ta gobe. Amma in na ga ka zubar da ƙwallo ɗaya da gangan, kada ka sake shigo mini zaure da ita."

Washegari na ci shi takwas da nema. Kowace ƙwallo na zura sai in ji kamar ni ake duka. Da aka tashi ya goge gumi da hular kansa ya ce, "Yawwa. Yanzu na san inda nake. Sake sakawa."

Daga nan aka shiga aiki na gaske. Takwas ta koma biyar, biyar ta koma uku. Ya gano cewa ɗan yatsansa na nuni ne ba ya kai wa maɓallin gudu a kan lokaci, sai ya nemo ƙwallon robar nan da kansa daga ƙarƙashin gado, yana matsawa da safe don ya shirya wa la'asar. Sai bayan wata biyu ya zura mini ƙwallo ta farko ta halak, da kai, daga bugun kwana. Bai yi ihu ba, bai kira kowa ba. Ya dube ni kawai, na ce, "Wallahi Kawu na yi iya yina." Ya gyaɗa kai, ya ce, "Wannan kam bar ta a maimaita."

Tun da na daina ha'inci bai taɓa cin wasa a kaina ba har aka tura ni koyarwa Dutsi na bar gida. Mafi kyawun abin da ya samu kunnen doki ne, biyu da biyu. Yatsunsa biyu na ƙarshe ba su dawo daidai ba har yau, amma ukun sun isa riƙe totur da birki, kuma kafin babbar Sallar shekarar ya koma kasuwa a kan babur ɗinsa.

Abin da na koya shi ne, mutum yana iya jure shan kaye, yana iya jure wahala da jinkiri, in dai ya san abin da ke gabansa gaskiya ne. Abin da ba ya jurewa shi ne ya gano cewa wanda ya yarda da shi ya yanke hukunci a ɓoye cewa ba zai iya ba. Yanzu a aji, in ɗalibi ya samu uku cikin goma, uku nake rubuta masa, sannan in ja kujera in zauna kusa da shi mu nemo sauran bakwan tare.